Albarkar Babur Ba Laya Ba Ce

Karatu: Matiyu 4:5-7, Maimaitawar Shari'a 22:8

Darasinmu na wannan mako zai soma daga wani ƙauye mai suna Porcaro, a arewa maso yammacin ƙasar Faransa. Mutanen ƙauyen ba su kai dubu ɗaya ba, amma kowace ranar 15 ga Agusta mahaya babur dubbai sukan cika shi maƙil, wasu shekarun har wajen 20,000. Wani firist na Katolika, Fada Louis Prévoteau, wanda shi ma mahayi ne, shi ya kafa taron a 1979. Waɗanda suka zo a karon farko ba su kai 40 ba. Ana yin sujada a fili, a yi addu'a domin waɗanda suka mutu a kan hanya, sa'an nan mahaya su bi layi ana sa musu albarka su da baburansu.

Akwai irin wannan a Italiya ma, a garin Castellazzo Bormida, inda mahaya suke taruwa tun 1946. A Fatima ta ƙasar Portugal kuwa, hulunan kwano ake ɗagawa sama a yi musu addu'a. Ko kai Katolika ne ko ɗan wata ɗarika, akwai abin koyo a nan, domin taken taron Porcaro gajere ne: ka tuna, ka kuma yi hankali. Ka tuna da abokinka da ba ya cikin layi bana. Ka yi hankali domin kada baɗi a yi addu'ar tunawa da kai.

A can yawancinsu don sha'awa suke hawa. A wurinmu babur abinci ne. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko Damagaram, ɗan acaɓa a ƙetaren iyaka, da shi yake biyan kuɗin haya da na makarantar yara. Da shi katekis ko mai bishara yake kai wa ƙauyuka uku ranar Lahadi, da shi ake ɗauko mai naƙuda cikin dare. Saboda haka wanda ya sayi sabo ya turo shi ƙofar majami'a a yi masa addu'a, ya yi daidai. Tambayar ita ce, me yake tsammani ya samu sa'ad da ya tayar da shi ya tafi?

Mu duba karatunmu na farko. Iblis ya kai Yesu birni mai tsarki, ya tsai da shi a ƙololuwar Haikali, ya ce ya faɗo ƙasa. Ku lura, bai zo masa da maganar arna ba. Zabura 91 ya janyo, wurin da aka yi alkawarin mala'iku za su tallabe bawan Allah. Alkawarin gaskiya ne, Yesu kuma bai musa shi ba. Abin da ya ƙi shi ne mutum ya jefa kansa cikin hatsari da gangan, sa'an nan ya ce wa Allah, to, cika maganarka. Ya amsa daga Maimaitawar Shari'a 6:16, inda aka hana Isra'ila gwada Ubangiji. Da akwai hanyar saukowa daga Haikali da ƙafa, kamar yadda kowa yake yi. Wanda ya bar ta ya yi tsalle ba bangaskiya ya nuna ba, ya mai da Allah ɗan aikensa ne.

Ɗan'uwa, idan birkinka ya cinye tun watan jiya, ka sani, ka ɗauki mace da goyo da buhun hatsi, ka murɗa wuta domin ka riga wani samun fasinja, kana dogara ga ruwan albarka da aka yayyafa ko ayar da ka manna a tanki, a ƙololuwar Haikali kake tsaye. Mun bar layu da guraye sa'ad da muka karɓi Almasihu. Abin kunya ne mu ɗauki gicciye ko carbi mu rataya a kan babur da irin zuciyar da kakanninmu suka ɗaura kambu.

Karatu na biyu doka ce da ba a cika wa'azi a kanta ba. Musa ya umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Mutanen Isra'ila sukan hau soro su sha iska, su yi shanya, su kwana. Allah da yake da ikon riƙe kowa a sama bai ce a yi addu'a a bar soron haka ba. Cewa ya yi a kwaɓa ƙasa a ɗora. Kuma dokar ta fi duban baƙo da yaro, waɗanda ba su san gefen rufin ba kamar mai gida. Fasinjanka shi ne baƙon da ya hau soronka. Bai duba tayarka ba, bai san ko ka yi barci jiya ba, bai san ko ka sha ƙwaya don ka jure aiki ba. Ya ba ka ransa amana a kan kuɗi kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a. Ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage hatsarin mutuwa fiye da sau shida. Na san hular tana da tsada, na san zafin bazara. A 2009, da aka tilasta sa ta a Najeriya, an ga masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an hanya. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa yin gardama da kwalta ta ci ba.

A 2007 fadar Paparoma ta fitar da jagora game da hidima ga masu bin hanya, da dokoki goma na direbobi a ciki. Ta farko ita ce hana kisankai. Akwai wadda ta ce a lallashi matasa kada su tuƙa in ba su cikin hayyacinsu, da wadda ta ce a tallafi iyalan waɗanda hatsari ya rutsa da su. Wannan aiki ne da mahaya biyar ko goma na ikilisiya ɗaya za su iya ɗauka. Su yi adashi har kowa ya sami hula biyu, tasa da ta fasinja. Su raba tsofaffin da za a ɗauko ranar Lahadi. In ɗayansu ya karye, su san wanda zai kai wa iyalinsa cefane har ya tashi. In suka ga ɗan'uwa ya sha, su karɓe makullin, ko zai yi fushi.

Kalma ɗaya ga wadda take karanta wannan da hawaye. Wataƙila mijinki ko ɗanki mai hankali ne, da hularsa, yana gefen hanyarsa, wata mota ta kwashe shi. Kada wani ya ce miki albarkar ba ta kama ba, ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Zabura 121 ta yi maganar Ubangiji mai tsaron fitarmu da shigarmu har abada, wannan tsaro kuwa bai tsaya a bakin kabari ba. Shi ya sa a Porcaro ake haɗa matattu da masu rai cikin addu'a ɗaya.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ga 'ya'yanka da za su tayar da babur gobe da asuba. Ka ba su haƙuri a mararraba, ka ba su abin gyaran birki kafin ya tsinke. Ka ta'azantar da gidajen da aka fita ba a komo ba, ka nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a wannan mako. Cikin sunan Yesu. Amin.