Tsohon Agogon Aljihu a Matsayin Matani: Darasi ga Mai Fara Tarawa

1. Gabatarwa

Manazarcin harshe ya saba da ƙa'ida guda game da tsohon rubutu: a fara karanta shi, a gane wanda ya rubuta da lokacin da aka rubuta, sa'annan a adana shi ba tare da an goge ko an ƙara masa kome ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa ƙa'idar ita ce jagorar duk mai son tara tsofaffin agogunan aljihu, wato masu aiki da wani, ba da batir ba. Wanda ya sayi irin wannan agogo bai karanta shi ba yakan biya kuɗin azurfa ya tashi da tagulla. Wanda kuma ya riƙe shi bai san halinsa ba yakan kashe, cikin mako guda, abin da ya shekara ɗari yana bugawa.

2. Kalmomi da tarihi a taƙaice

Kalmar «agogo» aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa. Wannan ya yi daidai da yadda muke cewa «ƙarfe uku», domin bugun ƙarfe ne ya fara sanar da lokaci. «Sa'a» da «daƙiƙa» daga Larabci suka zo, «awa» da «sakan» daga Ingilishi. Ana kuma cewa a yi wa agogo «wani», da dogon wasali a gaɓar farko, saɓanin «wani» na «wani mutum». Sassan waje kuwa, Hausa ta sa musu sunayen jikin ɗan Adam: fuska, hannu, baya da ciki.

Abin da kalmar take kira, a Turai aka haife shi. Ana danganta agogunan farko da ake iya yawo da su ga Peter Henlein na birnin Nuremberg a Jamus, a farkon ƙarni na 16. A 1675 Christiaan Huygens ya fito da siririn gashin ƙarfe mai daidaita bugu, wanda ya rage kuskuren agogo ƙwarai. Har shekarun 1840 da ɗan mabuɗi ake yin wani, kafin a yaɗa dabarar murɗa ƙululun da ke saman agogo. A 1867 Georges-Frédéric Roskopf ya fitar da agogo mai araha don leburori a La Chaux-de-Fonds ta ƙasar Suwis. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya agogon hannu ya ture na aljihu. Ke nan, mafi yawan abin da mai tarawa zai ci karo da shi an ƙera shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

3. Yadda yake aiki

Sassa huɗu ne ginshiƙi, kuma sunayen da aka ba su a nan shawara ce ta marubuci. Na farko shi ne uwar nannaɗa, wato dogon ƙarfe siriri da ke ajiye ƙarfi idan an yi wani, wanda yakan kai awa 30 kafin ya ƙare. Na biyu fayafai ne masu haƙora da ke miƙa ƙarfin zuwa hannuwa. Na uku shi ne mai tsaron ƙofa, wanda ke sakin haƙori ɗaya-ɗaya, kuma motsinsa ne kunne ke ji. Na huɗu shi ne lilo, zobe mai kaiwa da komowa bisa gashin ƙarfen da aka ambata.

Yawancin waɗannan agogunan suna bugu 5 a sakan, wato 18,000 a awa, 432,000 a kwana. Idan bugu 300 kacal suka salwanta, an yi asarar minti guda. Daga nan za a fahimci abin da ƙwayar rairayi ɗaya ke iya yi.

4. Karanta agogo kafin saye

Rubutun agogo hawa uku ne: na fuska, na gida, da na inji. Ba lalle su fito daga hannu ɗaya ba. Sunan da ke kan fuska sau da yawa na ɗan kasuwar da ya sayar ne. A Amurka ma, kamfanoni irin su Waltham, Elgin da Hamilton inji suke ƙerawa, wasu daban su yi gida. Saboda haka lambar da ke kan inji ita ce ke nuna shekarar ƙira, ba ta jikin gida ba.

Agogunan Suwis da na Bezanson ta Faransa da Faransanci suke magana, kuma ɗalibin Nijar yana da riba a nan. «Remontoir» na nufin ana yin wani ba da mabuɗi ba. «Ancre» da «cylindre» nau'i biyu ne na mai tsaron ƙofa. Na farko ya fi daidai, ya kuma fi sauƙin gyara. «15 rubis» adadin duwatsun da ke rage gugar sassa ne. Darajarsu a aiki take, domin tun farkon ƙarni na 20 a masana'anta ake haɗa su. Haruffan A da R na kusa da lilo suna nufin ƙara sauri da rage shi. Mai buɗaɗɗiyar fuska ana ce masa «lépine», daga sunan maƙerin nan Jean-Antoine Lépine, mai murfi kuma «savonnette», wato ɗan sabulu, saboda sifarsa.

Akwai tarko biyu da ilmin ma'ana ke warwarewa. «Spiral Breguet» ba ya nufin shahararren maƙerin Paris, Abraham-Louis Breguet, ne ya yi agogon. Sunan yanka ne ya rikiɗa ya zama sunan wani nau'in gashin ƙarfe. Haka «système Roskopf» tsari yake nunawa, kuma masu kwaikwayo sun riƙa sauya harafi, kamar «Rosskopf», don su ci albarkacin sunan. Harafi ɗaya yana iya raba asali da jabu.

Gida kuma yana ɗauke da hatimi. Daga farkon shekarun 1880 zuwa 1933, Suwis tana buga hoton wani tsuntsun daji a kan azurfa mai lamba 0,800, da kan mace a kan zinariya mai karat 18. Jamus tana sa jinjirin wata da kambi a kan azurfa tun 1888. Ingila tana sa zaki mai tafiya, da alamar gari, kamar kan damisa na Landan, da harafin shekara. Inda aka ga «métal», «cuivre» ko «plaqué or», to ba azurfa ba ce, kuma ba tsantsar zinariya ba. Idan shaidar fuska, ta gida da ta inji suka saɓa, wataƙila an harhaɗa agogon ne daga gawarwaki daban-daban.

Shawara ga mai farawa: ya nemi agogo ɗaya mai «ancre» da duwatsu 15, wanda yake tafiya, fuskarsa ba ta tsage ba. Gyaran matacce yakan fi kuɗin sayensa, domin sassansa sun daina fitowa daga masana'anta.

5. Kulawa

A yi wani sau ɗaya a rana, a lokaci guda, a hankali, a tsaya da zarar an ji turjiya. Idan ƙululu ya ƙi jawuwa, kada a matsa masa: wasu agogunan, musamman na ma'aikatan jirgin ƙasa a Amurka, da wani ɗan maɓalli na gefen fuska ake saita su.

Agogon da ya daɗe a ajiye mansa ya bushe, kuma tafiyar da shi haka tana cinye sassansa. Sai gwani ya warware shi, ya wanke, ya ɗiga man agogo na musamman, a kuma maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. Man keken ɗinki ko na mota yana kama ƙura ya zama kamar wasa wuƙa. Kafin a miƙa agogo, a tambayi mai gyara ko ya saba da masu wani, don sauya batir sana'a ce daban.

Gidan tsohon agogo ba ya hana ƙura ko ruwa shiga. A hazon hunturu kada a buɗe bayansa a fili, da damina kuma a nisanta shi daga laima. A ajiye shi cikin ƙyalle mai taushi a rufaffen akwati, nesa da wayar salula da rediyo, domin maganaɗisu yana sa gashin ƙarfe ya manne, agogo ya riƙa gudu. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya sandar lilo, wadda tsininta bai wuce kaurin gashi ba. Amfanin sarƙa ke nan. Kada a goge gida da magani mai kaushi, don hatimi yakan tafi tare da dauɗa.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi lafiya. Daga shekarun 1910 zuwa na 1960 an riƙa shafa wa lambobi da hannuwa fenti mai sinadarin radiyom don su haska da dare. Hasken ya mutu, amma gubar tana nan, domin sai bayan shekara kusan 1,600 take raguwa da rabi. Idan an ga fenti mai kauri, ruwan ƙasa, a kan lambobi, kada a cire gilashi, kada a kankare, kada a ba yara.

6. Kammalawa

Ana yi wa agogo kirari da sarkin aiki, amma tsohon agogo shaida ne kuma. Ya kamata mai tarawa ya buɗe wa kowane agogo shafi, ya kwafe duk rubutun da ke jikinsa harafi da harafi, da lambobi da hatimai, da gyaran da aka yi masa. Ɗaliban harshe kuwa suna da aiki a gabansu: su zauna da tsofaffin masu gyaran agogo a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, su tattara sunayen da suke kiran sassa da su, su tantance wanne aro ne daga Faransanci, wanne daga Ingilishi, wanne kuma ƙirƙirar masu sana'ar ce. Sunan da aka ji a bakin mai sana'a ya fi wanda aka ƙaga a aji, kuma yana da kyau a rubuta shi tun masu shi suna raye.