Manhajar Play Store da ta Xender: ina bambancin?

A Ƙofa, kamar sauran garuruwan yankin Kankiya da Kusada, matasa da dama ba sa sauke manhaja daga Play Store. Saboda tsadar data, sai su tura wa juna ta Xender, ko mai cajin waya ya zuba musu.

Bambancin shi ne, Google na tantance manhaja kafin ta shiga Play Store, kuma tun 2017 tsarin Play Protect ke bincikar wayoyin Android. Manhajar da aka sauke daga can tana samun sabuntawa mai toshe ɓarakar tsaro. Wadda ta bi hannu-hannu kuwa, ana iya cusa mata abin da zai riƙa karanta saƙonnin banki. GBWhatsApp, alal misali, ba ta cikin Play Store, kuma WhatsApp na rufe asusun masu amfani da ita.

Sai dai Play Store ɗin ma ba a rasa ɓata-gari. Bayan manhajojin bashi sun addabi mutane da tonon silili, a 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya.

Don haka kafin saukewa, a duba sunan kamfanin da irin izinin da manhajar ke nema.