Yadda Za Ka Gane Ko Ka Shirya Ajiye Kunkuru a Gida

A unguwannin Kaduna irin su Unguwar Rimi, Malali da Unguwar Sarki, akwai gidajen da za ka shiga ka tarar da kunkuru yana jan jiki a gindin mangwaro. Wasu sun ajiye shi don sha'awa, wasu don yara, wasu kuma saboda camfin da ke cewa yana kare gida daga sammu. Sau da yawa a hanya ake sayensa, daga hannun maharbi ko ɗan talla, ba shiri ba shawara. Abin da ke ruɗin mutane shi ne shirunsa. Tunda ba ya haushi, ba ya kuka, sai a ɗauka ba ya bukatar komai, ya yi ta shan wahala shekara da shekaru ba wanda ya lura. Kafin ka miƙa kuɗinka, bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: san wanda za ka saya

Ba duk kunkuru ne ɗaya ba. Akwai ƙarami na dajinmu mai gaɓa a ƙoƙon bayansa, wanda yake rufewa idan ya tsorata. Ba ya wuce tsawon taƙi guda sosai, yana son inuwa da laima, yana cin ganye da ƙwari da dodon koɗi. Akwai kififiya, wadda rayuwarta a ruwa take. Sannan akwai babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi da ƙahonni a cinyoyinsa, wanda aka fi sha'awa a manyan gidaje. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Ranar da aka ƙyanƙyashe shi bai cika tafin hannu ba, amma namiji yakan girma har ƙoƙonsa ya kusa santimita 80, nauyinsa ya haura buhun siminti. Idan ba ka san wanne ne a gabanka ba, ba za ka san abincinsa ko makwancinsa ba.

Mataki na biyu: lissafa shekaru

Babban kunkuru yakan haura shekara 70. Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso, ya mutu a watan Oktoba na 2019, fada tana cewa shekarunsa 344. Masana sun yi shakkar wannan adadi, amma ba wanda ya musa cewa ya daɗe ƙwarai. Saboda haka tambayi kanka: idan aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja, ina za ka kai shi? Idan yaron da aka saya wa ya tafi jami'a, wa zai ɗauki nauyinsa? Idan ta Allah ta kasance, akwai magajin da zai karɓa da zuciya ɗaya? Mai zaman gidan haya, musamman ɗaki da falo a Kawo ko Badarawa, ya tsaya a nan ya yi wa kansa adalci.

Mataki na uku: zagaya gidanka da idon kunkuru

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Gidajen zamani an shafe tsakar gida da siminti ko intalok, shi kuwa kunkuru ƙasa yake so. A daji rami yake tonawa mai tsawon mita da dama, ya shige ya tsere wa zafin rana. A gidanka ma zai tona, kuma ba ruwansa da cewa nan ne tushen katanga ko bututun ruwa. Dole ka ware masa fili mai ƙasa da ciyawa, inda rana ke faɗawa da safe kuma akwai inuwa da tsakar rana, ka kewaye da bulo mai tushe a cikin ƙasa. Shingen waya ba ya tsare shi: muddin yana hango waje, zai yi ta turawa har ya karya ko ya ji ciwo.

Duba rijiya, bakin masai da lambatu. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, in ya faɗa ruwa mai zurfi nutsewa zai yi. Duba matakala da tarin bulo, domin idan ya kife a bayansa cikin zafin Maris ko Afrilu ba wanda ya gani, yana iya mutuwa kafin la'asar. Kare yana gwaguyar ƙoƙonsa, gafiya da shaho suna kashe ƙanana. Maza biyu ba sa zama wuri guda, karo suke yi har ɗaya ya kifar da ɗaya.

Wasu sukan huda gefen ƙoƙonsa su ɗaura igiya don kada ya ɓace. Wannan zalunci ne. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, yana da jini da jijiya. Wanda ba shi da wurin da zai sake shi sai da igiya, bai shirya ba.

Mataki na huɗu: gwada kanka da abincinsa

Sauran tuwo, shinkafa, burodi da nama ba abincin babban kunkuru ba ne. Zai ci, amma a hankali suna lalata masa ƙoda, ƙoƙon ya yi tudu-tudu ko ya yi laushi. Cimarsa ciyawa ce: ƙiri-ƙiri, harƙiya, guɗe-guɗe, a haɗa da ganyen yakuwa, rama, kabewa ko zogale. 'Ya'yan itace sai jefi-jefi. A riƙa barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai don ƙarfin ƙashi, a ajiye masa ruwa a faffaɗan mazubi marar zurfi, a sauya kullum. Kada a yanko ciyawar bakin titi ko ta inda aka yi feshi.

Da damina wannan abu ne mai sauƙi a Kaduna. Jarrabawar tana zuwa ne daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ko masu awaki sai sun sayi abincin dabba. Sai ka tanadi ingirici tun kaka. Ga gwaji: kafin ka saya, yi wata guda kana samo ciyawa mai kyau kowace safiya, ka ba akuyar maƙwabci. In ka gaji kafin wata ya cika, ka samu amsarka.

Mataki na biyar: yanayi da magani

Babban kunkuru ɗan busasshiyar ƙasa ne, Kaduna kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara. A watan Agusta raminsa yana iya cika da ruwa, don haka yana bukatar ɗan ɗaki mai rufi a kan tudu. Da hunturu a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, a toshe kafar iska. Majina, kumburin ido da ƙin cin abinci alamun ciwo ne.

Nemi likitan dabbobi tun kafin bukata ta taso, ka tambaye shi ko ya saba da irin wannan dabba. Idan abu ya yi tsanani, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada ka yi masa magani da ka. Allurar ivermectin da ake yi wa awaki da tumaki don tsutsa da kaska guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki har ta kashe shi.

Sai lafiyar iyalinka. Kashinsa yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ce Amurka ta hana sayar da 'yan ƙananan kunkura tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada a bar shi ya shiga madafa, kuma a raba shi da yaro mai rarrafe.

Mataki na shida: tambayi asalinsa

Babban kunkurun Sahel yana cikin dabbobin da ƙungiyar IUCN ta ayyana suna fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kamu da kuma lalacewar daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. A Nijeriya akwai dokar kare irin waɗannan dabbobi ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, hukumar NESREA kuma tana sa ido a kanta. Duk wanda ka saya daga hannun maharbi, ka biya maharbin ne ya koma ya kamo wani. Gara ka karɓi wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ko wanda mai shi ya kasa riƙewa.

Mataki na ƙarshe: yanke shawara da iyali

Zauna da uwargida da yara, domin su ne ke gida lokacin da kake kasuwa ko ofis. A fayyace wa zai ba shi abinci, wa zai share wurinsa. Ku tuna da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ka killace amana ce a wuyanka.

Idan ka tsallake matakan nan duka, bismilla, ka shirya. Idan ko ɗaya ya gagare ka, haƙura, ka kai yara gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano su more kallon dabbobi. Barin kunkuru a inda yake ya fi ka kawo shi gida ka tauye masa haƙƙi.