Yadda Za Ka Gano Inda Ruwan Lagireto Ke Yoyo

Masu mota da yawa sun saba ajiye jarka a but, kowace safiya a ɗaga bonet a ƙara kofi ɗaya ko biyu, a ce ai motar ce mai shan ruwa. Lafiyayyar mota ba ta shan ruwa. Hanyarsa a rufe take ruf, daga lagireto ya zaga inji ya dawo, saboda haka duk abin da ya ragu ta wata kafa ya fita. Ƙaramin yoyo na da wuyar kamawa, don ɗigon kan sauka a jikin inji mai zafi ya ƙafe tun bai kai ƙasa ba. Amma yakan bar sawu.

1. Bari inji ya huce tukuna. Ruwan da ke ciki yana aiki ne a wajen digiri 90, kuma murfin lagireto na matse shi yadda zai iya wuce 100 bai tafasa ba. Ka kwance murfin da zafi, nan take ya tafasa ya watso maka a fuska da hannu. Da sassafe ake wannan aiki, kafin a tayar da mota.

2. Tabbatar raguwar ta gaske ce. Ka tsayar da motar a wuri mai daidaito, ka ja layi da maka a jikin ɗan tankin roba na gefen lagireto, daidai inda ruwa ya tsaya. Ruwa kan hau idan inji ya yi zafi, ya sauka idan ya huce, don haka sanyi da sanyi za ka riƙa gwadawa.

3. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji ya kwana. Da safe, kafin ka ja shi, ka lura da inda ɗigon ya faɗa. Ruwan sanyaya inji na kanti kore ne, ko ja, ko ruwan hoda, ko shuɗi, yana da santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Idan ruwan famfo kake zubawa, launin tsatsa za ka gani. Ruwa garau marar wari da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna AC, wannan ba matsala ba ne. Kada ka ɗanɗana, kada kuma ka bar abin da ya zube a tsakar gida. Guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi.

4. Bi sawun zuwa sama. A nan mafi yawan mutane ke ɓata, su ga ruwa na ɗiga a wuri su ce nan ne ya fashe. Ruwa gangarowa yake yi, fanka kuma na feso shi baya, don haka wurin da ya fi kowane tsayi cikin wuraren da suka jiƙe shi ne abin zargi. Ka goge inji da tsumma ya bushe, ka yi 'yar tafiya, ka dawo ka duba da tocila. Nemi farin ɓawo ko kore-kore da ya daskare a bakin tiyo ko a gindin noti. Lokacin hunturu ƙura ma taimako take yi: inda ke tsattsafo za ka ga ta manne ta yi duhu, alhali kewaye fari fat. Lungun da ido ba ya kaiwa, zura waya ka ɗauki hoto.

5. Fara da abu mai araha. Bakin tiyo inda kilif ya ɗaure shi ne kan gaba. Matsa tiyon da hannu. Idan ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, ya gama aiki. Sai murfin lagireto: robarsa in ta mutu, ruwa zai riƙa fita a matsayin tururi ba tare da ɗigo ko ɗaya ba. Sai haɗin da ke tsakanin kan lagireto na roba da jikinsa na alminiyom, wanda ke yawan buɗewa a tsofaffin motocin Beljiyam. Famfon da ke zagaya ruwa a inji kuwa yana da ɗan rami a ƙasansa. Sawu daga ramin, ko ƙara daga wajen fambel, alama ce ya kusa tafiya.

6. Taɓa kafet ɗin gaba. Akwai ɗan ƙaramin lagireto na hita a bayan dashbod. In ya huje, kafet zai yi danshi, gilashi ya riƙa yin hazo daga ciki.

7. In ba ka ga komai ba, je wurin makaniken da ke da famfon gwaji. Ana ɗaura shi a mazaunin murfi, a hura iska daidai lambar da ke rubuce a kan murfin, inji a kashe kuma a sanyaye. Allurar gejin famfon ta sauka, akwai yoyo, kuma a lokacin ɗigon ba shi da zafin da zai ƙafar da shi.

8. Allura na sauka amma waje a bushe? To ciki yake tafiya, kuma galibi gasket ɗin kan inji ne. Alamominsa farin hayaƙi daga salansa da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, kumfa na tasowa a tanki, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara a jikin gejin mai. Ka ajiye motar, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Zariya in dawo.

9. Ka ƙi dabarar tasha. Ƙwai, barkono, garin taba, duk suna iya toshe huji na kwana biyu, amma suna toshe siraran bututun lagireto tare da shi. Haka cire tamostat, ba ya maganin yoyo ko kaɗan. Bayan gyara a wanke hanyar ruwan, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata, domin ruwan rijiya da na famfo su ke kawo tsatsar da ke cin ƙarfe daga ciki. Sannan ka sake jan layinka a tanki, ka duba shi kowace safiya har mako guda.