Kumburin ƙafa da ba ya ciwo

A ƙasar Arewa, daga Lugu zuwa Dogon Dutsi har Tibiri, taka ƙaya ba abin ba da labari ba ne. Manomi ya taka ta wajen sharar gona, makiyayi ya taka ta a bayan garke, mace ta taka ta wajen neman itace, a sa matsefata a cire, kowa ya koma aikinsa. Yawanci a nan maganar take ƙarewa. Amma akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin ƙasa da jikin itatuwa masu ƙaya irin su bagaruwa da farar ƙaya, wasu dangin fumfuna ne, wasu kuma bakteriya, kuma ƙayar kan buɗe musu ƙofa su shige ƙarƙashin fata. Cutar da suke haifarwa ita muke kira maisetoma a aikin lafiya. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda ita jinkiri ne ya ci su, kuma jinkirin nan yana da magani.

Dalilin jinkirin yana cikin halin cutar kanta. Tana farawa da ɗan kumburi mai tauri a tafin ƙafa ko bayanta, ba zafi, ba zazzaɓi, mutum yana noma da shi har damina biyu ko uku. Daga baya wurin ya huhhuje, ƙananan ramuka su riƙa tsattsafo ruwa da mugunya, a cikinsu kuma a ga 'yan ƙwayoyi kamar tsabar riɗi ko ƙasa da haka, baƙaƙe ko jajaye ko rawaya. Wani rami ya rufe, wani ya buɗe kusa da shi, mai ciwon ya ɗauka sauƙi ne yake samuwa, alhali a ƙasa cutar tana cin nama tana nufar ƙashi. Idan ta kama ƙashi magani ya yi wuya, kuma sau da yawa a lokacin ne muke ganin mutum a asibiti. Launin ƙwayoyin nan yana da muhimmanci ƙwarai, don haka kada a goge a zubar. A ɗebe su a ƙyalle mai tsabta a kawo. Baƙaƙe alamar fumfuna ce, wadda ke bukatar maganin itraconazole na kusan shekara guda tare da tiyata. Jajaye da rawaya alamar bakteriya ce, kuma wannan tana jin magungunan da muke da su, irin su cotrimoxazole, muddin an sha su na tsawon watanni ba tare da yankewa ba.

Wani zai ce wannan cutar Sudan ce, tun da can ne cibiyar binciken maisetoma take, a Khartum, tun 1991. To, binciken da Michel Develoux da abokan aikinsa suka buga a 1988 ya bayyana mutum 133 masu ita a asibitoci biyu kacal na Nijar, ya kuma nuna cewa mai jajayen ƙwayoyi ta fi yawa a kudancin ƙasar, mai baƙaƙe kuwa ana samunta kudu da arewa. Yanayinmu na gajeriyar damina, dogon rani da yawan itatuwan ƙaya shi ne ainihin yanayin da take so. Rashin jin labarinta ya samo asali ne daga rashin ƙirga ta, domin a yawancin ƙasashe ba ta cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2022 kuma ta jera ƙwayoyinta na dangin fumfuna cikin fumfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam.

Akwai kuma masu cewa kumburin da ba ya ciwo, mai fitar da abu kamar tsakuwa, sammu ne aka taka, ba aikin likita ba ne. Ba na raina imanin kowa, kuma na san dalilin da ya sa ake fara zuwa wurin boka ko wanzami: suna kusa, ana biyansu a hankali. Amma tsaga da sakiya ba sa fitar da cutar, tabo suke bari da ƙarin ƙwayoyin cuta a cikin rauni, su kuma cinye watannin da ƙaramar tiyata za ta wadatar. Kuma a sani, ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ware wa mai ita ƙwarya ko shimfiɗa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi, kuma gaskiya ne. Shekara guda ta itraconazole ta fi ƙarfin mai noman hatsi, sabon maganin fosravuconazole da aka gwada a Sudan daga 2017, wanda ake sha sau ɗaya a mako, bai iso kantunanmu ba, yaƙin da ya ɓarke a can a 2023 ya kuma dagula aikin cibiyar Khartum. Wannan tsadar ita ce ma babbar hujjar zuwa da wuri, domin ƙaramin kumburi ana cire shi gaba ɗaya, babba kuwa yakan dawo ko bayan tiyata. Takalmi rufaffe a lokacin shara da girbi, da wanke raunin ƙaya da ruwa da sabulu nan take, suna cikin abin da gida zai iya. Sauran aikin na hukuma ne, kuma an taɓa yin irinsa: wakilan ƙauyuka ne suka bi gida gida suna neman kurkunu har OMS ta tabbatar da Nijar ta rabu da shi a 2013. Wakilan lafiya na ƙauyukan Arewa za su iya koyon alamomi uku na maisetoma, kumburi marar zafi da ramuka da ƙwayoyi, a zama ɗaya, su tura duk wanda suka gani asibitin Dogon Dutsi ko na Dosso, a kuma rubuta shi a rajista.