Yadda Tauraron Ɗan'adam Ke Taimakawa Wajen Gargaɗin Ambaliyar Teku

Tun da muka karanta girgizar ƙasa a darasin labarin ƙasa nake tambayar kaina: yaya ake sanin girman ambaliyar da za ta biyo baya tun ba ta iso ba? Ga abin da na fahimta.

Ambaliyar da Japanawa ke kira sunami ba iska ke kawo ta ba. In ƙasan teku ta tsage, gefe ɗaya ya yunƙura sama, sai ya ɗaga dukan ruwan da ke bisansa. A tsakiyar teku wannan igiyar ruwa takan yi gudun kilomita 700 a sa'a, kamar jirgin sama.

Ran 11 ga Maris, 2011 ba za ta ɓace wa mutanen Japan ba. Cikin minti uku hukumar yanayi ta ce ƙarfin girgizar 7.9 ne, ruwa kuma zai kai mita 6 a Miyagi, mita 3 a Iwate. Ashe ƙarfinta 9.0 ne. Kada ku raina wannan bambanci, domin ƙarin ɗaya a ma'aunin nan ninki 32 ne na ƙarfi. Wajen rabin sa'a ruwa ya iso, a wani wurin ya hau tudu har kusan mita 40. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace.

Me ya jawo haka? Na'urar auna girgiza tamkar mudu take: in ya cika, duk abin da aka ƙara zuba zai yi. Ga shi kuma sa'ad da aka yi lissafin farko ƙasa ba ta gama tsagewa ba.

To, a nan ne GPS ke da amfani. Japan tana da tashoshi fiye da 1,200 kafe a ƙasa, kowace tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam tana sanin inda take, kuskuren bai wuce 'yan santimita ba. Wannan ba ruwansa da kaɗawa, nisan da ƙasa ta gusa yake aunawa, don haka ba ya cika. A ranar, tashar Oshika ta gusa mita 5.3 wajen gabas, ta nutse mita 1.2.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin da ke biyo baya. Ba wanda ya ga tsagar da ido. Sai kwamfuta ta yi aikin mai bin sawu: ta dubi inda kowace tasha ta nufa da nisan da ta yi, ta gano tsawon tsagar, da faɗinta, da yawan zamewar dutse. Ta 2011 ta kai wajen kilomita 500 a tsawo, 200 a faɗi. Daga nan sai a san ruwan da aka ɗaga, da garin da zai fara bugawa. Bayan bala'in Japan ta gina tsari mai suna REGARD da ke yin wannan cikin 'yan mintoci.

Amma fa tashoshin duk a tudu suke, tsagar kuwa tana can cikin teku. Shi ya sa aka shimfiɗa na'urori 150 a ƙasan teku. Tun 2013 kuma, in ana zaton girgiza babba ce, ba a faɗin mita nawa a gargaɗin farko, sai dai a ce ruwa mai girman gaske na tafe, kowa ya hau tudu.