Amsar Tambaya: Rajistar Ƙungiyar Masu Amfani da Intanet a Amurka

Mai tambaya na son sanin yadda ƙungiyar masu amfani da intanet, wadda mambobinta ke warwatse a ƙasashe daban-daban, za ta yi rajista a Amurka ta kuma samu sassaucin haraji.

Aikin hawa biyu ne. Da farko ana kafa ƙungiyar bisa dokar wata jiha, kamar yadda aka kafa Gidauniyar Wikimedia a Jihar Florida a 2003, sannan a cike fom mai lamba 1023 a miƙa wa hukumar tara haraji ta tarayya, wato IRS, domin ta amince da ita ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, wanda ya tanadi keɓe ƙungiyoyin ilimi da na jinƙai daga harajin kuɗin shiga. Idan aka miƙa takardar cikin wata 27 da kafawa, sassaucin zai fara aiki tun daga ranar kafawar.

Nauyin da ke biyo baya shi ya fi cancantar a yi masa karatun ta-natsu, domin dole dokokin ƙungiyar su hana raba riba tsakanin shugabanni, su kuma fayyace cewa idan ta rushe, dukiyarta za ta koma ga aikin alheri irin nata. An haramta mata goyon bayan ɗan takara, kuma idan ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa rahoton shekara ba, sassaucin harajin zai faɗi da kansa.

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da ma'aji tsayayye gara ta fake ƙarƙashin wata mai rajista wadda za ta riƙe mata kuɗi, kamar yadda ƙungiyar Software in the Public Interest ke yi wa masu haɗa manhajar Debian.